Yadda na gyara kafiretar babur ɗina

Mako biyu babur ɗin nan yana ba ni ciwon kai: da na saki totur sai ya mutu, fetur kuma na ɗiga ta ƙasan kafireta. Na canza fulogi, na wanke matatar iska, duk a banza.

Sai na sayi cikakken saitin kayan gyaran kafireta, na zuba komai sabo. Yoyo ya tsaya, amma inji ya koma tari da baƙin hayaƙi. Ashe ramin sabon babban jet (ɗan ƙarfen da fetur ke bi ta cikinsa) ya fi na asali faɗi, ko lamba babu a jikinsa.

Na sake kwancewa, na dawo da tsofaffin jet biyun, babba da ƙarami. Ƙaramin, mai riƙe inji a silo, shi ne ya toshe. Na jiƙa shi a maganin wanke kafireta, na hura masa iska har na hango haske ta ramin. Kada a soka masa allura, ramin zai ƙara faɗi. Daga saitin, allurar fulot (mai tsayar da fetur idan kafireta ta cika), gasket da zoben roba kawai na bari a jikin kafiretar. Sukurun iska kuwa na ɗaure shi a hankali har ya zauna, na warware zagaye ɗaya da rabi, na daidaita silo bayan inji ya yi zafi.

Bugu ɗaya yake tashi yanzu, alhamdulillahi. Da na sani, allurar fulot, gasket da zoben roban kaɗai zan saya.