Agogon kwamfuta ya ƙi zama daidai: kurakuran da aka fi yi

Kwamfutocin hannu na biyu da ke shigowa Maraɗi daga Faransa, sau da yawa da lokacin Faris suke zuwa. Da sanyi ba ka ganin komai, don Nijar da Faransa duk suna kan lokaci ɗaya, wato UTC+1. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris sai Faransa ta ƙara awa guda, kwamfutarka ta bi ta, alhali mu nan ba mu taɓa agogo duk shekara.

Nan ne ake yin babban kuskuren: mutum ya mayar da agogon baya da hannu, ya ce ya gyara. Bai gyara ba. Ƙarshen Oktoba zai sake karkacewa, kafin nan kuma lokacin da ke kan saƙonninsa na imel yana iya fita a karkace. Yankin lokaci ake canzawa, wato saitin da ke gaya wa kwamfuta lokacin wace ƙasa za ta bi. A Windows na Faransanci zaɓi "Afrique centrale - Ouest", a Linux kuma ka rubuta timedatectl set-timezone Africa/Niamey, sannan ka bar intanet ta riƙa daidaita maka shi. Kada ka ruɗu da sunan "yamma" ka zaɓi Dakar ko Abijan, su awa guda muka gabace su.

Kwanaki wata mai shagon buga takardu ta kira ni: "Malam, intanet ta lalace, kowane shafi cewa yake babu tsaro." Na duba kusurwar allo, kwanan wata ya koma baya da shekaru, shi ya sa shafukan ke cewa haka. Ƴar batirin da ke riƙe agogon kwamfutar ce ta mutu, CR2032, mai kamar kwabo. Na ce: "Hajiya, intanet lafiyarta lau." Muddin ba a sake batirin ba, duk sanda aka ɗauke wuta kwanan zai kuma ɓacewa.

Sai wani kuskuren saiti da ba na agogo ba, na masu hulɗa da Jibiya da Katsina. A tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba cikakken adadi da ɓarinsa, a na Ingilishi kuwa dubbai yake rabawa. Abokin cinikinka ya aiko maka 1,500 a saƙo, ka kwafa cikin Excel mai tsarin Faransanci, ta karanta ɗaya da rabi. Lissafin buhuna ya rikice ke nan. Duba "Format régional", wato saitin yadda kwamfuta ke rubuta adadi, kafin ka kwafa, in ba haka ba ka cire waƙafin ka rubuta 1500 haka nan.