Yadda za ka fita tsaf a Kano da kaya kala uku

Na yi zaman shago a Kantin Kwari, kuma a can na gane ba mai sayen Getzner ne kullum ya fi iya shiga ba. Akwai wani dattijo da ke bi ta layinmu kowace safiya, kayansa ba su wuce kala uku ba, amma in ya doso sai ka rantse ɗaurin aure za shi. Shi na riƙa kwaikwayo.

Fara da yadi. Na sawar yau da gobe, nemi mai auduga, don zafin Kano daga Maris zuwa Mayu ba ya raga wa mai kayan roba, kafin azahar ka jiƙe sharkaf. Murza bakin yadin a hannunka, in ka ji santsi irin na leda, ajiye musu abinsu. Yadi huɗu yakan ishi matsakaicin mutum kaftani da wando, dogo ko mai jiki ya sayi biyar. Kala kuwa, ruwan toka, ruwan ƙasa, sai shuɗi mai duhu. Fari ka bar wa Juma'a. Duk wanda ya taɓa shiga adaidaita sahu da farin kaya cikin ƙurar hunturu ya san dalili.

Wajen tela, tsaya a auna ka, kada ka aika tsohuwar riga. Kafaɗa ta zauna daidai, hannu ya tsaya a wuyan hannu, wando kada ya share titi. Aiki ɗan kaɗan a wuya ya isa. Kuma kada ka kai ɗinki ana saura mako biyu Sallah. Ni na taɓa yi, aka miƙo mini riga daren Sallah, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, telan yana cewa, "Yallaɓai, in ka sa za ta zauna." Har yau ba ta zauna ba.

Wanki shi ne inda yawancinmu ke kashe shadda. Ba ta son ruwan zafi, ba ta son omo mai ƙarfi, ba ta son murɗa. Ruwan sanyi da sabulu, ka cuɗa wuya da hammata a hankali, ka juya ta bai-bai ka shanya a inuwa. Rana ce ke cinye kala. Bayan an sa sitaci ta bushe, kai ta wurin 'yan bugu. Akwai su a Ƙofar Mata, gefen marina. Za su ɗan yayyafa mata ruwa, su ninke, su shimfiɗa a kan gungume, mutum biyu su yi ta saukar mata da mabugi, tim-tim, har ta ɗauki ƙyallin da dutsen guga ba zai taɓa ba ta ba. In ka karɓo, bar ta a ninkenta har ranar sawa, karin nan shi ne adon. In kuma dole sai guga, ta ciki za ka goge, kuma in dutsen gawayi ne ka busa tokar tukuna, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda maka gaban riga.

Hula kada ta shiga bokiti da sauran kaya. Zanna Bukar ɗinka ka kai wa masu wankin hula, su wanke da buroshi, su sa sitaci, su ɗora a kan katako ta bushe a tsaye. Ba sai kalarta ta zama ta rigar sak ba, zare ɗaya a cikin aikinta ya yi kama da kayan, shi ke nan.

Saura ƙafa. Goge takalmi tun da dare. Da hunturu kuma ka shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya kafin ka kwanta, don a ƙofar masallaci kowa cire takalmi yake, kaushi kuwa ba ya ɓuya a sahu. Turare ɗigo biyu, ɗaya a wuyan hannu, ɗaya a bayan kunne. Kada ka shafa na mai a jikin farar shadda, tabonsa ba ya fita.