Yadda za ka sa dikodar gyaran kuskure ta daina jan ƙafa

Wannan na ƙannena ne 'yan injiniya masu firojek ɗin tura data ta rediyo, irin wanda muka haɗa a fadamar wajen Hadeja, ƙaramar na'ura tana auna danshin ƙasa a gonar shinkafa tana turo wa Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, da ke gida. Kafin saƙo ya iso wasu bit sun juye, 0 ya koma 1, to dikoda ce ke gano wajen ta gyara ba sai an ce a sake turowa ba. Damuwar dai ita ce dikodar tana cin lokaci, mu kuma da sola muke aiki, kafin asuba batir ya yi ƙasa.

Kafin ka taɓa komai ka auna tukuna. Sa agogo a cikin kod ɗin ka ga wane sashe ne yake cinye lokacin, ni sati guda na ɓata ina gyaran inda ba nan ne ciwon ba.

Mu tsarin gyaran kuskure na Reed-Solomon muka ɗauka, wanda Irving Reed da Gustave Solomon suka fito da shi a 1960, shi ne a faifan CD, shi ne kuma a lambar QR da kake sikanin. Sanannen nau'insa 255 da 223 ne, wato bayit 223 na saƙo (bayit ɗaya bit 8 ne), 32 na gadi da ake ƙarawa don gano kuskure, yana iya gyara bayit 16 da suka lalace. Matakin farko a dikodar shi ne lissafin sindirom, wato lambobi 32 da ke nuna ko akwai kuskure, idan duka 32 ɗin suka fito sifili to saƙon ƙalau yake, ka fita nan take, kar ka shiga matakan gano inda kuskuren yake, wato Berlekamp-Massey balle binciken Chien. Wallahi za ka yi mamakin yawan kod ɗin ɗalibai da ke bin duk matakan ko da babu kuskure ko ɗaya, kamar mace ta zauna tana rairayar shinkafar da babu tsakuwa a ciki. Idan sigina na da kyau yawancin saƙonni a nan za su tsaya.

Sai lissafin sau. Ba irin sau ɗin firamare ba ne, na cikin GF(256) ne, wato lissafi na musamman da Reed-Solomon ke yi a kan bayit, in ka ce bit-bit za ka bi ka shiga uku. Ka haɗa tebur biyu tun farko, na log da na kishiyarsa, sai sau ya koma duba tebur da tarawa kawai, kuma in ka ninka tsawon tebur na biyun ya kai 512 ka huta da neman saura bayan raba da 255. Akwai masu yin cikakken tebur 256 sau 256, wannan kilobayit 64 ne, a Raspberry Pi ba komai ba ne amma ƙaramin allo irin Arduino Uno da RAM ɗinsa kilobayit 2 ne kacal ko a mafarki. Sannan in saƙonka bayit 40 ne kar ka cika shi da sifili kana zagaya 255, iya tsawon gaskiya za ka bi. Wani abu da mutane ke mantawa, in rediyon ya nuna maka wuraren da yake zargi ka miƙa wa dikodar, don in ta san wajen da ya lalace, bayit 32 za ta iya cikewa maimakon 16.

Masu LDPC, wani tsarin gyaran kuskuren, kuma naku daban ne. Robert Gallager ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1960 aka ajiye shi saboda kwamfutocin lokacin ba za su iya ba, yanzu shi ne a Wi-Fi da 5G da DVB-S2 na satilayit. Shi zagaye yake yi yana ta maimaitawa, don haka duk bayan zagaye ka duba ko lissafin gadi ya daidaita, in ya yi ka tsaya, ka kuma sa iyakar zagaye don saƙon da ya lalace fiye da kima kar ya riƙe ka. Cikin hanyoyin lissafin zagayen, ka bar sum-product mai lissafin tanh mai nauyi ka koma min-sum mai sauƙi, ka ninka sakamakon da 0.75, za ka ɗan rasa inganci kaɗan amma a ganina cinikin ya yi riba. In ka bi lissafin gadin layi-layi kana sabunta ƙima nan take maimakon jiran ƙarshen zagaye, yawan zagayen kan ragu kusan rabi.

A LDPC ɗin lamba mai ɗigo (floating point) ma ka rabu da ita, bit 8 ya wadatar, sai dai ka sa shinge kar lamba ta wuce 127 ta juya ta koma negatib, wannan ya taɓa sa ni kwana ina neman laifin eriya alhali ita ba ruwanta. Da bit 8 ɗin NEON, sashen firosesa mai lissafa lambobi da yawa lokaci guda, a Raspberry Pi mai shi zai ɗauki lamba 16 a umarni ɗaya.

Duk canjin da ka yi ka sake gwadawa da tsohon fayil ɗin gwaji mai kurakuran da kai ka dasa da hannunka, ka rubuta lokaci da adadin saƙonnin da suka gagara gyaruwa gefe da gefe, canji ɗaya-ɗaya, kafin ka hau mashin ka kai na'urar gona.