Yadda Ake Bin Sawun Garin da Ya Zama Kufai

Yawancin masu zuwa wurina kan wannan magana suna kawai suke riƙe da shi. Kaka ta ce su mutanen tunga kaza ne, ko an ga sunan wani gari a tsohuwar takardar gado ta ajami, an duba taswirar waya ba a gan shi ba. Abin da nake fara ce musu shi ne su ajiye wayar tukuna. Garin da ya tashi ya fi daɗewa a bakin mutane fiye da a takarda, don haka daga baki ake farawa.

Koma wurin wanda ka ji sunan a bakinsa, in yana raye. Kada ka ce masa "ina garin yake?", domin sau da yawa shi ma bai taɓa taka wurin ba. Tambaye shi wace kasuwa mutanen garin suke ci, kuma wace rana. Wane hakimi suke kai wa haraji? A wane gulbi ko tafki suke shayar da dabbobi? Da waɗanne garuruwa suke auratayya? Amsa biyu daga cikin waɗannan sun isa su rage maka faɗin nema daga masarauta guda zuwa ƙasar dagaci ɗaya ko biyu. Ni a nan tsofaffin mata na fi dogara da su. Dattijo zai jero maka sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma tsohuwa ce za ta tuna daga wane ƙauye aka auro kishiyar uwarta, da rijiyar da suke ɗibar ruwa suna 'yan mata. Maroƙa da makaɗan fada ma kada ka raina su, kirari yana riƙe sunan garin da babu ko bango ɗaya da ya rage a cikinsa.

Sunan da kansa yana ba da labari. Tunga, Gidan wane da Unguwar wane yawanci sunan wanda ya sari wurin suke ɗauka, kuma sukan sauya idan ya mutu ɗansa ya gaje shi. Mai yiwuwa garin naka bai tashi ba, suna kawai ya sake. Ruga ta Fulani ce. Zango yana kan hanyar fatake. Rinji gandun bayi ne na wani basarake ko attajiri, shi ya sa jikokin mazaunansa ba kullum suke son a tono zancen ba, sai ka bi a hankali. Duk inda ka ji Sabon Gari ko Sabon Birni, nemi tsohon. Sabon Birnin Gobir, alal misali, an kafa shi ne shekaru bayan faɗuwar Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, a 1808.

Sai ka nemi dalilin tashin, domin shi zai nuna maka irin takardar da za ka nema. Wasu yaƙi ya tashe su. Wasu yunwa, irin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Da yawa kuma ba wata masifa ce ta kore su ba: da hare-hare suka tsaya bayan zuwan Turawa, mutane suka sauko daga duwatsu, suka fito daga cikin ganuwa, suka koma kusa da gonakinsu ko bakin hanya da layin dogo. Akwai waɗanda hukuma ta tasa da kanta, kamar ƙauyukan yankin Anchau da aka sauya wa mazauni tun daga ƙarshen shekarun 1930 saboda cutar barci, har aka gina Takalafiya, ko tsohuwar Bussa da ruwan madatsar Kainji ya shafe a 1968. Tashin da hukuma ta yi ya fi sauƙin bi, saboda hukuma ba ta tayar da mutum ba tare da ta rubuta ba.

Yanzu ne lokacin takardu. A ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin lardunan Kano, Sakkwato, Zariya da sauransu. Abin da za ka tambaya shi ne rahotannin kimanta haraji na gundumar da kake nema. A zamanin Turawa, Di'o, wato jami'in mulki na Bature, yakan yi rangadi ƙauye-ƙauye, ya rubuta sunan gari, sunan dagacinsa, yawan masu biyan haraji, wani lokaci har da ɗan tarihin kafuwarsa. Gidan Arewa ma yana nan Kaduna, a Sakkwato kuma akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Amma fa ka tafi da haƙuri kan rubutun suna. Bature abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, ba ƙ ba ɗ ba ɓ, kuma sau da yawa ta bakin tafinta ya ji. A Nijar rubutun Faransanci ne: Tasawa ta zama Tessaoua, Dogon Dutse ya zama Dogondoutchi, Tawa ta zama Tahoua. Kafin ka shiga, rubuta duk yadda za a iya karkata sunan, ka riƙa karanta jerin a bayyane. Kunne yakan gane abin da ido ya tsallake.

Tsofaffin taswirorin safiyo masu ma'aunin 1:50,000, waɗanda aka zana daga hotunan jirgin sama, suna ɗauke da ƙananan tungayen da babu su yau. Sashen nazarin ƙasa na tsofaffin jami'o'inmu ne wurin tambayarsu. Jerin rumfunan zaɓe na INEC ma yana da amfani, don yana ambaton unguwannin da taswirar waya ba ta san da su ba. A Google Earth kuma, zaɓi hoton rani. Nemi curin manyan itatuwa a tsakiyar gonaki inda babu gidaje, ko wani zobe mai duhu wanda shi ne ragowar ganuwa.

Idan za ka taka da ƙafa, bari sai an gama girbi, ƙasa ta buɗe. Bi ta hannun hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, da goronka. Faɗa musu tun farko cewa ba gona ka zo nema ba, ba kuma tukunyar dukiya ba, domin baƙon da ya zo yana cewa "nan ne garin kakannina" abin da ake fara zarginsa da shi ke nan, kuma ba laifinsu ba ne. Roƙi a haɗa ka da mafarauci ko makiyayi. Manoma kan ci gaba da kiran fili da sunan garin da ya taɓa zama a kansa, saboda haka tambayi sunayen gonaki.

A wurin, kuka ce babbar shaida, musamman in sun taru da yawa. Sai tsingaro a kan kunyoyi, dutsen niƙa, ramukan marina, kashin tama inda aka yi ƙira, rijiyar da ta cike, da tudun da manoma suke kewayewa ba sa nomawa, wanda galibi maƙabarta ce. Kada ka haƙa, kada ka ɗauki komai. Ɗauki hoto, ajiye lambobin wurin a wayarka, naɗi muryar dattawa da izininsu, ka rubuta rana da sunan wanda ya faɗi kowace magana. In labari biyu sun saɓa, rubuta duka biyun. Kwafi ɗaya kuma ka kai wa dagaci.

Inda babu tsaro kada ka je, komai son ka. A sassan Zamfara, Katsina da gabashin Sakkwato, ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa suna zama kufai a gaban idonmu, mutanensu kuma suna zaune a Gusau da sauran manyan garuruwa. Su za ka samu a inda suke, ka yi musu tambayoyin nan na kasuwa da rijiya da auratayya, ka haɗa da sunayen masu unguwanninsu da shekarar da suka baro gida.