Babi na Shida: Sifana Mai Araha da Sifana Mai Tsada

Kafin mu fara, kowa ya ɗauko sifana ɗaya da tsumma ya ajiye a gabansa. Wanda bai zo da tasa ba ya matsa kusa da maƙwabcinsa. Kada kowa ya ji kunya, gemu ba ya hana ilimi, kuma a hankali za mu bi.

Darasi na 1: Abin da za ka tarar a kasuwa

In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ka ce sifana kake so, mai shago zai ce maka, "Wace iri, maigida?" Iri uku yake nufi.

Akwai sabuwa mai araha, yawanci daga ƙasar Sin take zuwa, jere cikin leda ko akwati. Za ka ga suna a jikinta kamar Ingco, ko Total, ko Tolsen. Akwai ta manyan kamfanonin da ƙwararrun kanikawa ke ji da su: Gedore da Hazet na Jamus, Facom na Faransa, Snap-on na Amurka. An kafa Gedore a 1919, Snap-on kuma a 1920, ka ga duk sun haura shekara 100 suna wannan sana'a. Sabuwar irin wannan tana da tsada sosai, shi ya sa galibi ta hannu ake samu, 'yar Beljiyam, zube a ƙasa gaban shago. Ta uku ita ce wadda ba ta da suna ko kaɗan, ko kuma ta ari sunan wani.

A da, in an ce "ɗan China ne", an gama magana, an san gobe zai karye. Yanzu abin ya sauya. Kamfanonin araha masu suna sun gyara aikinsu, har za ka shiga gareji ka ga oga da kansa yana aiki da kayansu. Duk da haka akwai bambanci. Mai tsada ta fi siriri amma ta fi ƙarfi, tana shiga lungun inji inda mai kauri ba ta shiga, kuma bakinta yana daɗewa bai buɗe ba.

To wacce za ka saya? Dakata tukuna. Na daɗe ina koyar da wannan aji, kuma yawancin notin da aka kawo mini a lalace ba arahar sifana ce ta lalata shi ba. Lamba aka kuskure.

Darasi na 2: Karanta lamba

Ɗauki sifanarka. Dubi kusa da bakinta. Akwai lamba a wurin, an buga ta cikin ƙarfen. In ba ka gan ta ba, baƙin mai ne ya rufe ta. Goge da tsumma. Ka gani yanzu? Madalla.

Wannan lamba faɗin bakin sifana ne, da milimita. In an rubuta 12, bakin milimita 12 ne. Kan noti yana da gefe shida. In ka auna daga gefe ɗaya zuwa wanda ke fuskantarsa ka samu milimita 12, to sifana 12 ce tasa. Ita kaɗai, ba ƙanwarta ba, ba yayarta ba.

Wata sifana baki biyu gare ta, kowane baki da lambarsa, misali 12 a nan, 13 a can. Lambar da ke kusa da baki ita ce ta wannan bakin. Wata kuma gefe ɗaya baki ne, gefe ɗaya zobe, lambarta ɗaya ce, domin girmansu ɗaya.

Ga wurin da ake yawan tuntuɓe. Riƙe sifanar yadda sunan kamfani zai tsaya daidai, kansa sama. In ka juya ta, 6 za ta koma 9, 9 ta koma 6. 16 za ta yi kama da 91, 19 kuma ta yi kama da 61. Babu 91 ko 61 a akwatinka. In ka ga haka, a juye ka riƙe ta.

Sannan waɗanda muka fara da karatun allo, idonmu ya saba farawa daga dama. A nan daga hagu ake farawa. 1 a hagu, 2 a dama, goma sha biyu ke nan: 12. 2 a hagu, 1 a dama, ashirin da ɗaya ke nan: 21. Wannan ba laifi ba ne, sabo ne kawai. In ka rikice, dubi girman bakin. 12 ƙarama ce. 21 babba ce, ita ce ke kwance notin taya a yawancin motocin Toyota.

Yanzu ga matakai huɗu. Ku faɗa da ƙarfi tare da ni: goge, karanta, saka, girgiza.

Goge sifana da kan noti. Karanta lamba da bakinka, ba a zuci ba. Saka ta a kan noti har ta zauna, ba a leɓe ba. Sai ka girgiza ta kaɗan kafin ka sa ƙarfi. In ta yi ƙwaf-ƙwaf tana wasa, ba ita ba ce, cire ta ka gwada ta ƙasa da ita. In ta kama tsam, ita ce.

Me ya sa nake nanata girgizawa? Saboda 13 tana shiga notin 12 salin-alin, har ka ji daɗi. Tsakaninsu milimita ɗaya tak. Amma kana jan ta da ƙarfi sai ta zame, ta cinye kusurwoyin notin, kansa ya mulmule. Daga nan ko 12 ɗin ba za ta kama shi ba, sai kurfi da guduma, aikin minti biyu ya cinye maka wuni. Wani lokaci ma har da fatar yatsunka.

Motocin Japan, irin Toyota da Honda da Nissan, sun fi amfani da 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Motocin Turai, irin Peugeot da Golf, su ne ke yawan neman 13. Yaron da ya tashi a garejin Peugeot, in ya koma na Toyota, hannunsa 13 yake ɗaukowa. Shi ma sai ya koma ga karatun lamba.

Aiki: rubuta waɗannan a littafinka, kowacce sau biyar: 8, 10, 12, 13, 14, 17, 19, 21. Sannan ka jera sifanunka daga ƙarama zuwa babba kana kiran lambar kowacce. Wanda ya kuskure ya sake, ba mai yi masa dariya. Goge, karanta, saka, girgiza.

Darasi na 3: Lamba mai sanda a tsakiya

Wata rana za ka ga sifana an rubuta 1/2, ko 9/16, ko 7/16. Lamba biyu, da sanda a karkace tsakaninsu. Wannan awon inci ne, ba milimita ba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Don haka 1/2 ta ɗara 12 ba ta kai 13 ba, milimita 12.7 ce. 9/16 kuma ta ɗan ɗara 14.

A zuben 'yan Beljiyam za ka tsinci irin waɗannan, kyawawa, masu babban suna, kuma da sauƙin kuɗi. Akwai dalili. Aikinsu yana kan wasu injuna da tsofaffin taraktoci na Amurka da Ingila. In motocin Japan da babura kake gyarawa, ba su da amfani a wurinka.

Akwai wani dattijo a ajin bara, mai gyaran babur, ya zo mini yana murna ya yi tsintuwa. "Malam, dubi, 'yar Amurka ce gangariya." Na ce, "Baba, karanta mini lambar." Ya ce sha biyu. Ashe 1/2 ce, sandar ce bai lura da ita ba. Noti uku ta cinye masa kafin ya kawo ta. Sifanar ba ta da aibu, ba a karanta ta ba ne.

Ku kuwa na lura wasunku har yanzu da ido suke auna noti, wai sun shekara ashirin a gareji. To, shekarun nan ashirin noti nawa suka ci? Ido ba mudu ba ne. Na faɗa, na sake faɗa: a goge, a karanta, a duba ko akwai sanda a tsakiya, a saka, a girgiza. Wanda ya ga ya fi ƙarfin wannan, ban san me ya kawo shi aji ba.

Darasi na 4: Sauran rubutun jikinta

Ban da lamba, za ka ga wasu haruffa: Cr-V. C babba, r ƙarama, sai V. Sunan irin ƙarfen ne, ƙarfe mai gauraye da aka yi shi don ya jure murɗa. Mai tsada tana ɗauke da irin wannan rubutu, mai araha ma haka. Amma ka sani, buga rubutu a ƙarfe ba wuya, mai yin jabu ma ya iya. Haka sunan ƙasa. Ganin an rubuta sunan Jamus da Turanci bai isa shaida ba.

Mai jabu yakan canja harafi ɗaya a cikin sunan kamfani, don ya san da yawa ba sa karantawa. Kai yanzu kana karatu. Bi sunan harafi-harafi da yatsa. Dubi bugun ma: na kirki yana da zurfi, a fili, na jabu ya dushe ko ya karkace. Dubi leɓɓan bakin, su zama daidai da juna, ba ɗaya kauri ɗaya siriri ba.

Abin da ya fi duka: ka je kasuwa da sabon noti a aljihu, na 12 ko na 14, wanda ka tabbatar da lambarsa. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, bari in gwada." Mai kaya na gari ba zai hana ka ba. Ka karanta lamba, ka saka, ka girgiza. In an rubuta 14 amma tana wasa a kan notin 14, ajiye ta, komai sunanta. Ta hannu ma haka, domin ko 'yar Jamus ce, in ta sha wuya a hannun wani, bakinta ya riga ya buɗe.

Leƙa cikin soket, wato kan sifana mai kama da ƙaramin kofi da ake kifawa a kan noti, ko cikin zobe, ka ƙirga kusurwoyi. Wani 6, wani 12. Mai 6 ya fi kama notin da ya ƙi ko ya yi tsatsa. Soket baƙi mai kauri na injin kwance taya ne. Kada ka ɗora mai ƙyalli a wannan inji, yana iya fashewa ya yi maka rauni.

Darasi na 5: Lissafi

Wannan misali ne kawai, kuɗin kaya kullum sauyawa yake. A ce mai araha naira 2,000, mai tsada naira 9,000. A ce kai bakanike ne, kullum tana hannunka, bakin mai araha yana buɗewa duk wata huɗu. Sau nawa za ka saya a shekara? Sau 3, naira 6,000. A shekara biyu, 12,000. Wacce ta fi tsada ke nan? Amma mai babur da sai wata-wata yake ɗaure sarƙa, ta 2,000 za ta kai shi shekaru.

Ga shawarata. Fara da jerin mai araha mai suna. Wadda ta fara gajiya a ciki, ita ka fi mora, sai ka maye gurbinta da mai tsada. Yawanci 12, 14 da 17 ne. Lamba 10 kuwa ɓata take yi kafin ta tsufa, musamman in kana da yara a gareji, saboda haka sayi mai araha guda biyu ka huta.

Ku daina zura fayif a gindin ƙaramar sifana kuna hawa kai da ƙafa, in ta karye ku ce ɗan China ne. Kuma kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, mai tsada ne ko mai araha. A sa abin tokara mai ƙarfi.

Darasi na 6: Sukurudireba da filaya

Sukurudireba da aka fi amfani da ita iri biyu ce, mai baki shimfiɗe da mai baki kamar alamar tarawa, +. Ita ma a gwada, in tana wasa ba ita ba ce. Mai araha ta isa. Filaya ba a kwance noti da ita, kun sani, kuna yi.

Darasi na 7: Ajiya

A goge, a ƙirga, a mayar akwati kafin magariba. Kada a bar su cikin ruwa.

Ranar Asabar kowa ya zo da sifana 12 da 13 da noti ɗaya. Za mu sake darasi na 2.