Yadda iyaye za su tallafa wa yaron da ke buga ƙwallo a Legas

A unguwannin da Hausawa suka fi yawa a Legas, irin su Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, da wuya a sami gidan da babu yaron da ke dawowa gab da magariba ƙafafunsa butu-butu da ƙurar filin ƙwallo. Wasu iyayen suna ɗaukar abin shashanci, su yi ta hanawa har yaron ya koyi fita a ɓoye. Wasu kuma sun ji labarin Victor Osimhen, wanda ya tashi a Olusosun yana tallar ruwan leda a kan titi kafin ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, sai suka fara lissafin kuɗin Turai a kan yaro ɗan shekara goma. A duka biyun yaron ne ke cutuwa. Abin da ya dace shi ne iyaye su riƙe duk abin da ke wajen fili, wato lokaci da karatu da lafiya da takardu, su bar wa koci abin da ke cikin fili.

Mataki na farko shi ne ku je da ƙafarku ku ga inda yaron yake atisaye, ku kuma gana da mai horar da shi. Kada ku wadatu da abin da yaron ya faɗa muku. Ku tsaya a gefe na tsawon atisaye guda, ku lura da yadda kocin yake magana da yaran idan sun yi kuskure, domin wanda yake zagi ko duka a gaban baƙo zai yi abin da ya fi haka idan babu kowa. Ku tambayi kuɗin da ake biya da abin da ake yi da shi, da wanda yake raka yara idan za su wasa a wata unguwa, da lokacin da ake tashi. Akwai makarantun horarwa da suka daɗe, kamar ta Pepsi da aka kafa a 1992, amma ga ƙaramin yaro kusanci da gida ya fi suna muhimmanci. Wanda zai tashi daga Agege zuwa Surulere a danfo cikin cunkoson yamma zai isa a gajiye, ya dawo cikin dare, aikin makaranta kuma yana jiransa.

Daga nan sai a zauna a tsara mako. Yawancin 'ya'yanmu suna da boko da safe da Islamiyya da yamma, saboda haka dole a yi wa ƙwallo gurbi bayyananne, misali yamma biyu a mako da safiyar Asabar, a kuma sanar da malamin Islamiyya da koci duka. Sau da yawa kocin ba Bahaushe ba ne, wani lokaci ma ba Musulmi ba ne, don haka ku yi masa bayani tun da wuri game da lokacin sallar Juma'a da watan azumi. Yaron da ya fara azumi a rage masa gudu da rana, a mayar da atisayensa kusa da buɗa-baki ko bayansa. A ganina kuskure ne a riƙa hana ƙwallo a matsayin horo kan kowane ƙaramin laifi, amma daidai ne yaro ya sani tun farko cewa idan sakamakon jarrabawarsa ya faɗi, za a rage kwanakin fili har ya gyara.

Kayan wasa ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Takalmin da ya yi daidai da ƙafa, ko da na gwanjo ne, ya fi mai tsada da aka saya da girma don ya daɗe, kuma abin kare ƙwauri wajibi ne. Yaro ya ci abinci sa'a biyu ko uku kafin wasa, ya tafi da gorar ruwansa, domin zafin Legas mai gumi ne, yana ƙarar da ruwan jiki da sauri.

Ranar wasa ce ake gane iyayen da suka fahimci aikinsu. Idan kun sami zuwa, ku tsaya inda 'yan kallo suke, ku tafa wa ƙungiyar gaba ɗaya, kada ku riƙa ƙwala wa ɗanku umarni. Koci ya ce masa ya tsaya a baya, uba kuma yana ihu daga gefe cewa ya hau gaba, yaro ya rasa wanda zai bi, daga ƙarshe ya ɓata wa kowa. Kada ku zagi alƙalin wasa ko da kun tabbata ya yi kuskure, kuma kada ku furta wata kalma a kan ƙabila ko addinin yaran da ke ɗaya ɓangaren, domin ɗanku da Yarbawa da Ibo yake wasa kullum, shi ne kuma zai kwashi kunyar bayan kun tafi. Idan an ajiye shi a benci, ku danne zuciyarku a ranar. Bayan kwana ɗaya ko biyu ku sami kocin shi kaɗai, ku tambaye shi abin da yaron ya kamata ya gyara, ba dalilin da ya sa aka fifita ɗan wane ba. Uban da kasuwa ba ta barinsa ya je kowane wasa ya wakilta yaya ko kawun yaron, amma ya yi ƙoƙari a riƙa ganin fuskarsa a fili lokaci-lokaci.

A hanyar komawa gida kada a buɗe shari'ar wasan. Yaron da ya ɓarar da fanareti ya riga ya san ya ɓarar. Ku ce masa sannu da ƙoƙari, ku tambaye shi ko ya ji yunwa, ku jira har shi da kansa ya ɗauko zancen. Idan ya ɗauko, ku yaba abin da yake hannunsa, kamar komawa baya don taimaka wa 'yan'uwansa ko tashi da sauri bayan an kayar da shi, maimakon yawan ƙwallayen da ya ci.

Rauni kuma ba abin wasa ba ne. Ƙaramin targaɗe yana buƙatar hutu da ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle, amma idan wurin ya kumbura sosai ko yaron ya kasa taka ƙafar, a fara ɗaukar hoton ƙashi kafin a yi maganar maɗori; ga asibitin ƙashi na Igbobi, ga kuma asibitin koyarwa na LUTH a nan Idi-Araba. Wanda ya bugu a ka har ya ji jiri ko amai ko ya rikice, a fitar da shi nan take, kada ya koma wasa a ranar, sai likita ya duba shi.

Idan 'ya mace ce ta nuna sha'awa, matakan ba su canza ba, sai dai a ƙara tabbatar da cewa akwai babbar mace a cikin masu kula da ƙungiyar. Tun 2014 dokokin ƙwallo suka amince da sa ɗankwali a fili, kuma fitacciyar 'yar ƙwallon Najeriya Asisat Oshoala, wadda ta tashi a Ikorodu, a ƙungiyar FC Robo ta nan Legas ta fara fitowa.

Mataki na ƙarshe ya shafi takardu da dillalai, kuma a nan ne aka fi yi wa iyaye sakiyar da babu ruwa. Ku karɓi takardar haihuwar yaro daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ku tabbatar ranar da ke ciki ta yi daidai da ta lambar NIN da ta makaranta. Duk wanda ya ba ku shawarar rage masa shekaru ku ƙi, domin tun 2009 FIFA take amfani da hoton MRI na wuyan hannu wajen tantance 'yan ƙasa da shekara 17, kuma yaron da aka kama sunansa ne zai ɓaci, ba na mai shawarar ba. Haka nan dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura can saboda wani dalili da ba ƙwallo ba. Saboda haka idan wani ya zo muku da takardar gayyata daga Turai ga yaro ɗan shekara 15, yana neman kuɗin biza da na jirgi, kada ku ba shi ko sisi kuma kada ku miƙa masa fasfon yaron. Ku nemi shaidar lasisinsa na FIFA, ku tuntuɓi hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Legas, sannan ku kai duk takardar da aka ce ku sa wa hannu wurin lauya ya karanta muku ita tukuna.