Yoyon tiyon man giya a tsohuwar Land Cruiser: kurakuran da muke ta maimaitawa

Duk mai tsohuwar jif otomatik, musamman irin Land Cruiser 80 ɗin nan da aka ƙera tsakanin 1990 da 1997, ko tsofaffin Pajero da 4Runner, wata rana sai ya wayi gari ya tarar da jan mai a ƙasa ta wajen gaba. To yawanci abin ba wani babba ba ne, tiyo ne ya gaji, shekara kusan talatin yana shan zafi da ƙura ai dole. Amma yadda muke tunkarar gyaran ne yake mayar da aikin ɗan tiyo ya koma aikin sauke giyabos gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Man giya yana yin zafi sosai, sai famfon cikin giyabos ya turo shi ta wani siririn bututun ƙarfe zuwa gaba, ya shiga wani ɗan bututu da ke cikin tankin lagireto ruwa ya sanyaya shi, a wasu motocin ya ƙara bi ta wani ƙaramin kula, wato abin sanyaya mai, da ke gaban lagireton iska ta buge shi, sannan ya koma ta bututu na biyu. A wuraren da ƙarfe zai haɗu da lagireto ko kula akwai gajerun tiyo na roba da kilif, nan ne rigimar take.

Kuskure na farko da kusan kowa ke yi, inda ya ga mai yana ɗiga nan yake ɗauka yoyon yake. Ina! Mai yana bin jikin bututu ya gangara, fanka kuma ta watsa shi ko'ina, sai ka ga yana ɗiga ta ƙarƙashin kaskon giya alhali daga can gaba ya taso. Ni kaina an taɓa canja min gasket ɗin kasko har sau biyu a wani gareji, ana ta lafta gam, ashe wani ɗan tiyo ne da bai kai tsawon tafin hannu ba a bayan bamba ya tsage ta ƙarƙashin kilif, wurin da ido ba ya kaiwa sai ka kwanta ka haska da tocila. Abin yi shi ne a wanke ƙarƙashin motar tas, a bari ya bushe, a shimfiɗa kwali, a tada mota ta yi zafi, sannan a bi bututun daga giyabos har lagireto da farin tsumma ana shafawa. Wurin da ya fi kowane tsayi da ka samu danshi, nan ne. Wasu suna barbaɗa hoda a jikin tiyon, tana nuna hanyar man sarai. A kula da fanka da bel dai, hannu ba shi da safaya.

Sannan ba kowane jan mai ne na giya ba. Tsofaffin Toyota man giya ɗin nan dai, wato ATF, shi ake zubawa a tukunyar pawa sitiyari, launi ɗaya wari ɗaya, ga kuma ruwan lagireto na Toyota shi ma ja ne. Ruwan lagireto in ka murza a yatsa ba shi da maiƙo irin na mai. Na sitiyari kuma ka duba tukunyarsa ka gani ko ita ce ke raguwa kafin ka ɗora wa giya laifi.

Yanzu ga inda na fi jin haushi, wato zaɓen tiyo. Mutum zai je Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ce a ba shi tiyo mai wannan faɗin, a yanko masa tiyon fetur ko ma tiyon ruwan hita, ya shiga daidai, kowa ya yi murna. Bayan wata biyu uku tiyon ya kumbura ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, ko ya bushe ya fara tsattsagewa, domin ba a yi shi don man giya mai zafi ba. Tiyon ruwa ma shi ne mafi muni, mai yana cinye robarsa ta ciki, ɓarɓashin ya bi mai ya koma cikin giyabos ya toshe ƙananan hanyoyi. Wanda ya dace akwai rubutu a jikinsa, za ka ga an sa na kular man giya ne, sau da yawa da lambar SAE J1532. In ka ga J30 to na fetur ne, ajiye musu kayansu. Kuma a auna faɗin bututun da kyau, kar a sa mai faɗi a ce kilif zai matse, ba zai matse ba, naɗewa kawai zai yi ya bar ƴar kafa.

Kilif ma da nasa labarin. Irin mai ramuka ɗin nan da ake ɗaurewa da sukudireba, in yaron gareji ya samu sai ya ɗaure iya ƙarfinsa wai don kar ya yi yoyo, sai bakin kilif ɗin ya yanka robar, yoyon da ake gudu ya dawo ta nan. Wanda cikinsa sumul ne irin na tiyon injekta ya fi, ko na asali mai sifirin in bai mutu ba, shi yana bin tiyon ne in ya buɗe da zafi ya tsuke da sanyi. A tura tiyon ya wuce ɗan tudun da ke bakin bututun, kilif ya zauna a bayan tudun ba a kansa ba. Waya kuwa ko robar tayar babur, wannan na fita daga daji ne kawai, ba gyara ba ne.

Akwai kuma masu yanke bututun ƙarfe inda ya yi tsatsa su cusa tiyo a kan santsin ƙarfe haka nan. Motocin da aka shigo da su daga Kanada ko arewacin Amurka inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, bututunsu yana ruɓewa ne daidai ƙarƙashin maƙalan da ke riƙe shi, ka ɗaga maƙalin ka ga ƙarfen ya zama kamar ɓawon gyaɗa. Yankewa ba laifi ba ne in sauran bututun lafiya yake, amma dole a ɗan buɗa bakin ya yi tudu, a kankare kaifin, a sa kilif biyu. In ba haka ba ranar da kake hawa tudu da kaya mai ya yi zafi tiyon zai zame fit, kuma famfo ba ya jira, cikin ɗan lokaci kaɗan zai zazzage man a ƙasa motar ta tsaya kamar an sa ta a N. In kuma man ya fesu a kan salansa mai zafi, wuta ce, ba wasa ba.

Wajen kwance notin da ke jikin lagireto a riƙe na ciki da sifana ɗaya a juya na waje da ta biyu. Masu fizga da sifana ɗaya su ne ke tsaga bututun cikin tankin, daga nan ruwa da mai su haɗu. Alamar ita ce ka zaro gejin awon man giya ka ga man ya koma kamar an zuba madara a zoɓo, ko ka buɗe murfin lagireto, bayan ta huce, ka ga mai yana yawo a sama. In ka ga haka kar ka ƙara tada motar, ruwa yana ɓanɓare faifan kulocin cikin giya ne, sai an canja lagireto an wanke man sau da yawa, wani lokacin ma an makara. Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi ƙaurin suna da wannan ciwon ko ba wanda ya taɓa su.

Wani kuma zai ce tunda kular ce ke ba shi wahala bari ya haɗe bututun biyu da tiyo ɗaya ya huta. Ka isa gida da shi a hankali, eh. Amma ka shiga yashi da shi a watan Afrilu, fitilar zafin man giya, wato A/T OIL TEMP, za ta kama kafin ka yi nisa, man ya ƙone ya yi baƙi yana warin ƙauri. Dama ko da kula lafiya lau, tuƙi a yashi mai zurfi ko dutse a H, wato babbar giyar fo-wil, yana dafa man giya, a sa L4, wato ƙaramar, shi ya fi wa motar sauƙi. Maganin toshe yoyo na gwangwani shi ma ɓarnar kuɗi ce a nan, an yi shi ne don ya ɗan kumbura sil, ba ya ɗinke tsagaggen tiyo.

Bayan an gama a duba hanyar da tiyon ya bi, kar ya lanƙwashe ya shaƙe, kar ya goga da bodi ko ya kusanci fanka da salansa, kuma a bar masa ɗan sassauci saboda inji yana motsi, balle in kujerar injin ta mutu, ita ce ma wani lokacin take jan tiyon har ya tsage. Tunda ɗaya ya gaji, sauran ma sa'anninsa ne, a canja su duka rana ɗaya.

Sai awon mai, wanda nan ma ake kwafsawa. Ba a auna man giya da mota a kashe kamar baƙin mai. A tuƙa ta ta yi zafi, a tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, ƙafa a birki a zagaya da giya kowane gida a dawo P ko inda littafin motar ya ce, sannan a zaro geji a goge a mayar a sake zarowa, ya tsaya tsakanin alamun HOT. In ya yi yawa kumfa zai yi ya riƙa amai ta bututun numfashi ka ɗauka wani sabon yoyon ne. Irin man kuma a karanta jikin gejin ko littafin motar, Land Cruiser 80 Dexron take sha, na baya-bayan nan kuma akwai masu T-IV da masu WS, kar a gauraya don mai shago ya ce duk ja ne. Kwana biyu bayan gyaran a sake shimfiɗa kwalin nan da daddare, da safe a duba, a kuma ɗan ƙara taɓa kilif ɗin da sukudireba saboda sabon tiyo yana zama bayan ya sha zafi.